Naɗa a Rumbu, Kullewa da Doka, ko Koyarwa a Aikace: Wace Hanya Ta Fi Tsare Ilimin Gargajiya?

Duk al'umma ko ƙungiyar da ta samu ɗan kuɗi don ceto ilimin kaka da kakanni, na magani ne ko na noma, na hasashen yanayi ko kula da daji ko sana'ar hannu, takan tarar da hanyoyi uku a gabanta. Za ta iya naɗar muryoyin dattawa da hotunansu ta tara a rumbun bayanai. Za ta iya ɗaukar lauya ta yi wa ilimin rajista da yarjejeniya don kada wani ya ci moriyarsa a ɓagas. Ko kuma ta biya gwanaye su koyar da matasa a gona, a daji, a maƙera. Kuɗin ba ya isa a yi ukun da kyau a lokaci guda, don haka dole a fifita ɗaya.

Abin da ke raba gardama shi ne a fara gano abin da ke shirin cinye ilimin. Wani ilimin yana bakin kabari tare da masu shi. Wani yana nan da ƙarfinsa, amma baƙi sun fara zagaye shi da littafin rubutu. Wani kuma masu shi suna raye, babu ɓarawo, sai dai an daina aiki da shi domin dajin ya ƙare ko sana'ar ba ta ciyar da gida. Ciwo uku ne, kuma maganin ɗaya ba ya warkar da ɗan'uwansa.

Naɗa da rubutawa

Wannan ita ce hanyar da masu ba da tallafi suka fi so, domin ana iya ƙidaya ta: awa kaza na murya, tsiro kaza a rajista. Tana da ƙarfi na gaske. A ƙarni na 4 wani malamin magani a ƙasar Sin mai suna Ge Hong ya rubuta cewa mai zazzaɓi ya jiƙa wani tsiro dangin tazargade a ruwa, ya matse, ya sha ruwan. Bai ce a dafa ba. A 1971 Tu Youyou, wata mai bincike 'yar ƙasar Sin, da abokan aikinta, bayan tafasa ganyen ya yi ta ba su sakamako marar tabbas, suka koma wa wannan layin, suka gane zafi ne ke lalata sinadarin, suka tace shi da ƙarancin zafi. Daga nan aka samu maganin maleriya da duniya ke dogara da shi yau, ita kuma ta karɓi lambar yabo ta Nobel a 2015. Rubutun ya yi aiki bayan shekara fiye da 1,600 ne saboda ya faɗi yadda ake yi dalla-dalla. Da Ge Hong ya tsaya a kan "wannan ganye yana maganin zazzaɓi", da layin bai tsinana wa kowa komai ba.

A nan ne mafi yawan ayyukan naɗa suke faɗuwa. Ana tara jerin sunaye da amfani, a bar ma'auni, lokacin ɗiba, ɓangaren tsiron, abin da ake haɗawa da shi, da wanda bai kamata a ba shi ba. Mai tambaya ya nace a kan waɗannan: saiwa ko ɓawo ko ganye, ɗanye ko busasshe, kafin fure ko bayansa, damƙi nawa a ruwa nawa, sau nawa a rana, kwana nawa, wace alama ce ke nuna an zarce. Idan gwani ya ce "ɗan kaɗan", a roƙe shi ya ɗiba a gaban ido, a ɗora a sikeli, a rubuta giram ɗin a gefen kalmarsa. Kalmarsa ta zauna yadda ya faɗe ta, cikin harshensa. Fassara tana zuwa ne a layi na biyu.

Sunan tsiro shi kaɗai tarko ne. Suna ɗaya yakan hau tsirrai biyu ko uku a yankuna daban, tsiro ɗaya kuma yakan ɗauki sunaye biyar. Kowane tsiro da aka ambata a yanko reshensa mai ganye da fure ko 'ya'ya, a danne shi tsakanin takardun jarida da katako biyu, a riƙa sauya takardun kullum har ya bushe, a ba shi lamba, a rubuta wurin da aka samo shi da ranar. A yi kwafi biyu, ɗaya ya zauna wurin al'umma, ɗaya ya je ɗakin adana busassun tsirrai inda masani zai tabbatar da sunansa na kimiyya. Lambar nan ita za ta haɗa muryar dattijo da tsiron da yake nufi. In babu ita, bayan shekara 30 babu mai iya rantsewa a kan ganyen da aka yi magana a kai.

Ta fuskar na'ura, ma'ajiyoyin sauti suna neman a naɗi murya a tsarin WAV, aƙalla kilohaz 48 da bit 24, wanda ke cin kusan gigabait 1 a kowace awa idan an naɗa ta layi biyu. MP3 na rabawa ne, ba na ajiya ba, domin yana zubar da wani ɓangare na sautin kuma ba ya dawowa. Makirufo ya kasance kusa da bakin mai magana, a sa masa soso saboda iska, mai naɗa kuma ya sa abin saurare a kunne. Muryar da iska ko injin janareta ya cinye babu kwamfutar da za ta fito da ita. Idan aikin hannu ne, kyamara ta bi hannun, a ɗauki aikin daga farko zuwa ƙarshe ba yankewa, har da wurin da gwanin ya kuskure ya gyara. Gyaran kuskure ya fi kowane ɓangare koyarwa.

Sai ajiya. Kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya a wani gari daban. Faifan kwamfuta yana mutuwa ba sallama, don haka a kwashe komai zuwa sabo duk shekara huɗu ko biyar, kuma sau ɗaya a shekara a buɗe fayilolin a tabbatar suna aiki. Kowane fayil ya samu takardarsa a ranar da aka naɗe shi: wa ya yi magana, wane harshe, ina, yaushe, a kan me, wa aka yarda ya ji. Fayil dubu masu suna irin na kyamara, ba takarda, tarin shara ne mai tsada. A kuma sani cewa naɗa shi ne ɓangare mai sauƙi. Awa ɗaya ta magana takan ci kwanaki kafin a rubuta ta kalma da kalma a fassara, kuma kasafin aikin naɗa da bai ware wa wannan mafi girman kaso ba, zai ƙare da rumbun da babu mai iya bincika shi.

Ko an yi duk wannan daidai, akwai abin da na'ura ba ta kamawa: nauyin ƙasa a tafin hannu, warin da ke nuna jiƙo ya nuna, launin ƙarfe a wuta. Kuma rumbu yana daskarar da ilimi a ranar da aka naɗe shi, alhali damina tana sauyawa kuma manomi mai rai yana sauyawa tare da ita.

Babban haɗarin dai shi ne fitarwa. Magana zarar bunu ce. Abin da aka ɗora a intanet ko aka buga a mujalla ya shiga hannun kowa, kuma a dokokin mallaka na yawancin ƙasashe babu hanyar janye shi. Shi ya sa manhajar Mukurtu, wadda aka fara ginawa a 2007 tare da al'ummar Warumungu ta Ostareliya, ta ba al'umma damar tsara wanda zai ga me: wannan na mata ne, wannan na dangi kaza, wannan sai wanda aka yaye. Duk tsarin da za a zaɓa, in bai iya rufe fayil ɗaya ya buɗe wani ba, bai dace da wannan aiki ba.

Kullewa da doka

A 1995 ofishin mallakar ƙirƙira na Amurka ya ba wasu masu bincike takardar mallaka a kan amfani da kurkum wajen warkar da rauni, abin da iyaye mata a Indiya suka daɗe suna yi. Hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta kawo rubuce-rubuce, har da na tsohon harshen Sanskrit da wata maƙala ta 1953, aka soke takardar a 1997. Ta dogon yaro ta fi daɗewa. Ofishin Turai ya ba da takarda a 1994 a kan maganin funfuna daga man 'ya'yan itacen, aka soke ta a 2000, ɗaukaka ƙara ba ta ƙare ba sai 2005. An yi nasara sau biyu, amma an sha wahala, kuma abin da ya ci shari'ar a lokutan biyu shi ne hujjar cewa ilimin ya riga takardar zuwa duniya. Mai duba takardun mallaka yana binciken abin da aka rubuta ne. Ba ya zuwa ƙauye ya tambayi kowa.

Daga wannan darasi Indiya ta kafa rumbun bayanan ilimin gargajiya mai suna TKDL a 2001. Ta kwashe haɗe-haɗen magunguna daga tsofaffin littattafanta, ta tsara su yadda mai duba takardar mallaka zai gane, cikin Ingilishi, Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci da Japananci, ta buɗe wa ofisoshin mallaka bisa alƙawarin ba za su fitar ba. Peru ta bi wata hanya da doka mai lamba 27811 ta 2002, wadda ta yi rajista iri uku: ta ƙasa a buɗe don ilimin da ya riga ya bazu, ta ƙasa a rufe don wanda bai fita ba, da ta cikin gida wadda al'umma ke riƙewa bisa al'adarta. Wannan rabo na uku ya cancanci a kwaikwaye shi ko a ƙasar da ba ta da irin dokar.

Amma rajista garkuwa ce kawai. Tana hana wani ya mallake, ba ta kawo wa al'umma ko sisi. Kuɗi sai ta yarjejeniyar raba amfani, kuma misalai biyu daga Afirka ta Kudu sun nuna bambancin mai kyau da marar kyau. Mutanen San sun daɗe suna tauna tsiron hoodia don kashe yunwa a farauta. Hukumar binciken ƙasar ta yi masa takardar mallaka a shekarun 1990 ba tare da saninsu ba. Bayan ƙorafi aka ƙulla yarjejeniya a 2003: kashi 6 cikin 100 na kuɗin lasisin da hukumar za ta samu, da kashi 8 na kuɗin da ake biya idan bincike ya kai wani mataki. Kamfanonin da suka ɗauki aikin suka janye ɗaya bayan ɗaya, maganin bai shiga kasuwa ba, kason San ya zama kaso daga abin da bai zo ba. Ta shayin rooibos, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta ɗora kashi 1.5 cikin 100 a kan farashin ganyen a bakin gona, a raba tsakanin al'ummomin Khoi da San. Kason ya fi ƙanƙanta a takarda, amma yana kan kayan da ake sayarwa kowace shekara, kuma biyan farko a 2022 ya ɗan haura rand miliyan 12. Mai zaman ciniki ya riƙe wannan: kashi ƙarami a kan ciniki mai gudana ya fi kashi babba a kan ribar da ake fata.

Yarjejeniyar da ta amsa sunanta za ta faɗi ainihin ilimin da aka bayar da abin da aka yarda a yi da shi, ta hana miƙa shi ga wani na uku sai da sabuwar yarda, ta sa biyan farko tun kafin a ɗauki komai, ta lissafa kaso a kan jimillar ciniki tun da riba abu ce da akawu ke iya ɓatarwa, ta ba al'umma ikon duba littafin kuɗi, ta faɗi kotun da za a je, ta kuma ce abin da zai faru da samfuri da bayanai idan aikin ya mutu. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa.

Akwai ginshiƙan ƙasa da ƙasa da za a jingina da su. Yarjejeniyar kare halittu ta 1992 ta ambaci ilimin al'ummomin asali a sashe na 8(j). Ƙa'idar Nagoya, wadda aka amince da ita a 2010 ta fara aiki a 2014, ta wajabta neman yarda tun kafin a taɓa da kuma raba amfani. A watan Mayun 2024 ƙasashen WIPO, hukumar kare mallakar fasaha ta duniya, suka amince da yarjejeniyar da ke tilasta wa mai neman takardar mallaka ya faɗi ƙasar da ya samo tsiron da al'ummar da ta ba shi ilimin, sai dai tana bukatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita a hukumance kafin ta fara aiki, ba ta komawa kan tsofaffin takardu, kuma ba ta ce a biya kowa ba. Dukkansu suna aiki ne ta hanyar dokar cikin gida. Inda ƙasa ba ta yi dokar ba, ko ba ta cikin yarjejeniyar (Amurka ba ta cikin ta 1992 har yau), kwangilar da aka rubuta da kyau ita ce abin riƙewa.

Inda wannan hanya ke ɓaci yawanci a cikin gida ne. Wa ke da ikon sa hannu? Idan shugaba ɗaya ya sa hannu a kan ilimin da ke hannun ungozomai, ko al'umma ɗaya ta sayar da abin da maƙwabta biyar suka sani, kuɗin yakan zo da gaba. Maganinsa shi ne al'umma ta rubuta ƙa'idarta tun kafin baƙo ya iso: wa ake tambaya, taro nawa, kwana nawa na shawara, wa ke riƙe asusu. San sun fitar da tasu ƙa'idar ta bincike a 2017. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Koyarwa a aikace

A kan kogin Apurímac a Peru akwai gadar Q'eswachaka, wadda ake saƙawa da igiyar ciyawa, tsawonta kusan mita 30. Kowane watan Yuni al'ummomi huɗu suna taruwa, su yanke tsohuwar ta faɗa kogi, su saƙa sabuwa cikin kwana uku. UNESCO ta sa aikin a jerin gadon al'adu a 2013, an ɗauke shi a bidiyo ba adadi. A 2020 annoba ta hana taron, a watan Maris na 2021 gadar ta tsinke. Bidiyon bai riƙe ta ba. Mutanen da suka saba saƙa ta ne suka mayar da ita cikin 'yan watanni, kuma sun iya ne domin shekara ɗaya kawai aka tsallake.

Misalin Hawai ya nuna abin da ke faruwa idan tsallaken ya yi tsawo. Zuwa shekarun 1970 babu wanda ya rage a can da ya iya tuƙa jirgin ruwa a teku da taurari da igiyar ruwa da tashin tsuntsaye, duk da littattafan da Turawa suka rubuta a kan abin. Sai da aka je tsibirin Satawal, can nesa a tekun Pasifik, aka ɗauko Mau Piailug, wanda ya koya daga kakansa. A 1976 ya kai jirgin Hōkūleʻa Tahiti, tafiyar kusan kilomita 4,000, ba na'urar nuna hanya. Wani ɗan Hawai, Nainoa Thompson, ya zauna a gabansa, a 1980 ya yi tafiyar da kansa. Gwani ɗaya mai rai ya yi abin da ɗakin karatu ya kasa. Haka a tsibirin Simeulue na Indonesiya, labarin ambaliyar teku ta 1907 ya zauna a bakin iyaye da kalmar smong: ƙasa ta girgiza, ruwa ya ja baya, a gudu tudu. A 2004 mutum bakwai aka ruwaito sun mutu cikin sama da 70,000. Ilimin da ake bukata cikin minti goma dole ya kasance a ka.

Tsara wannan hanya yana da nasa ƙa'idoji. Taron bita na kwana uku ba koyarwa ba ne. Shirin gwani da ɗan koyo da aka fara a Kalifoniya a 1992 don harsunan asali yana neman awa 10 zuwa 20 a mako, har zuwa shekara uku, kuma wannan ma'auni ya dace da yawancin sana'o'i. Ilimin noma ko daji yana bukatar aƙalla zagayen shekara biyu cikakku, domin abin da ake gani a shekarar ruwa ba shi ake gani a shekarar fari ba. Kowane gwani a ba shi 'yan koyo biyu ko uku. Ɗaya kaɗai, aure ko tafiya neman kuɗi ya ɗauke shi. Fiye da biyar kuma aji ne, hannu ba ya kaiwa kowa. Gwanin shi zai zaɓi ɗalibansa. A biya shi, a biya ɗan koyon ma, domin matashin da ya bar aikin da ke ciyar da shi ba zai wuce wata uku ba a kan kishin al'ada kawai. Japan ta gane haka tun dokarta ta 1950, inda gwanayen da aka ayyana suke karɓar yen miliyan 2 a shekara, kuma horar da magada yana cikin abin da ake ba su kuɗin dominsa. Jarrabawa ita ce ɗan koyo ya yi aikin shi kaɗai daga farko zuwa ƙarshe, gwani na kallo bai ce uffan ba.

Abin da ke kashe wannan hanya shi ne ƙarewar tallafi da rashin fili. Ba a koyar da tsirrai a dajin da aka sare ko aka hana shiga. Shi ya sa masu nazari suke yawan kawo misalin shirin yammacin Arnhem Land a arewacin Ostareliya. Dattawan yankin sun san cewa ƙananan wuta a farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran laima, suna yanka daji gunduwa-gunduwa, su hana gobarar ƙarshen rani cin komai. Da mutane suka bar ƙasar, manyan gobara suka dawo. Daga 2006 aka mayar da tsarin a kan fili mai kusan murabba'in kilomita 28,000, dattawa suna nuna inda za a ƙona, matasa masu gadin daji suna ƙonawa a ƙasa da kuma daga jirgi mai saukar ungulu, tauraron ɗan'adam yana auna abin da ya ƙone, wani kamfanin iskar gas yana biyan kuɗin hayaƙin da aka rage, da burin tan 100,000 a shekara. Ilimin ya zama albashi, kuma albashin ne ya dawo da matasa gaban dattawa.

Kada a ɗauka duk abin da aka gada daidai ne. Wani jiƙon yana taɓa hanta, wata alamar damina ta daina faɗin gaskiya. A gwada a fili biyu gefe da gefe, a auna, a rubuta, gwanin yana cikin masu hukunci. Wannan girmamawa ce da ta fi tafi da yabo.

Iri: inda hanyoyin suka haɗu

Irin shuka yana nuna cewa rumbu da aiki ba sa maye gurbin juna. Ma'ajiyar Svalbard ta Norwe, wadda aka buɗe a 2008, tana riƙe iri a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, kuma ta nuna amfaninta a 2015 lokacin da cibiyar binciken noman busassun yankuna ta ICARDA ta karɓo kwafin irin da yaƙin Siriya ya raba ta da shi a Aleppo. Sai dai ƙwayar da ke cikin ƙanƙara ba ta ɗauke da sanin wace ƙasa take so ko wane wata ake shuka ta. Ma'ajiyar al'umma tana riƙe wannan sanin, amma gobara ɗaya ko ƙwari na iya share ta. Ƙa'idar masu ajiyar iri ita ce rage laimar ƙwaya da kashi 1 cikin 100, ko rage zafi da digiri 5, yana kusan ninka rayuwarta. A busar a inuwa, a zuba a kwalba mai murfin da iska ba ta shiga, a gwada ƙwaya 100 a jiƙaƙƙen ƙyalle kowace shekara, idan tsirowa ta faɗi ƙasa da kashi 85 na yadda ta fara a sake shukawa. Amfanin da ke barbara tsakanin tsirrai, kamar masara, a ɗebi iri daga tushe 100 zuwa 200, in ba haka ba nau'in zai tsuke ya raunana. Ƙwayar mangwaro da ta itacen koko da irinsu ba sa jure bushewa, sai dai a riƙe su a raye a gona. Al'ummomin Quechua na Dandalin Dankali, yankin da suka keɓe don kare nau'o'in dankali kusa da Cusco a Peru, sun haɗa komai: a 2004 suka ƙulla yarjejeniya da cibiyar dankali ta duniya da ke Lima ta mayar musu da nau'o'i kusan 400, suna shuka su a gonakinsu, a 2015 kuma suka kai kwafi Svalbard da hannunsu.

Yadda za a yanke

Idan masu ilimin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba kuma sun tsufa, a fara naɗa a wannan watan, ko da waya ce da makirufo mai kyau, amma mai riƙe na'urar ya zama shi ne ɗan koyon. Da haka kuɗi ɗaya ya yi aiki biyu. Idan ilimin ya shafi tsiro ko sinadarin da kasuwa za ta so, kuma baƙi sun fara tambaya, a dakatar da duk wata fitarwa, a rubuta ƙa'idar al'umma, a yi rajistar sirri mai kwanan wata da shaidu, sannan a saurari kowa. Idan ilimin ya riga ya bazu a littattafai, ɓoyewa ihu ne bayan hari, gara a buga shi a fili da sunan al'ummar da cikakken bayani, don ya zama hujjar da za ta toshe takardar mallaka. Idan kuwa gwanaye suna nan da ƙarfinsu amma matasa sun juya baya, rumbu ba zai dawo da su ba, kuɗin ya tafi wajen fili, albashin koyo da kasuwar abin da ake samarwa.

A ra'ayinmu, inda babu gaggawar mutuwa ko ta sata, fiye da rabin kasafi ya kamata ya tafi ga koyarwa a aikace, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ga naɗa da rubutawa da ajiya, sauran ga taron shawara da lauya. Amma a jerin lokaci, ƙaramin kason nan shi ke gaba. Kafin a kunna na'ura ko sau ɗaya, masu ilimin su zauna su kasa shi uku: wanda kowa zai iya ji, wanda zai zauna a cikin al'umma, da wanda ba za a naɗa ba sam. A naɗi yardar kowane mai magana da muryarsa, cikin harshensa, a farkon fayil ɗin, a faɗa masa inda kwafin zai zauna da wanda zai je wurinsa idan ya sauya ra'ayi. Yarjejeniya da jami'a ko ƙungiyar da ke taimakawa ta rubuta ƙarara cewa fayilolin mallakar al'umma ne, ita mai riƙon amana ce, kuma za ta miƙa cikakken kwafi da takardunsa kafin a biya ta kason ƙarshe na kuɗin aikin.